Layin da Na Sa Mushe Ya Jira

Shekara uku na yi ina aiki a biro, wato ofis, na wata haɗakar ƙungiyoyin manoma a Dogon Dutsi. Idan aka tambaye ni abin da na fi tunawa a wurin, nakan ce zafin ɗakin, ko fankar nan mai kuka ba iska. Ba gaskiya nake faɗa ba. Abin da na fi tunawa shi ne wata kwamfuta ta tebur da ke kusurwar ɗakin, da abin da na yi wa tsohon malamina da ita.

A shekarar da nake magana, wasu masu taimako suka yi alkawarin ba manomanmu irin gero mai saurin nuna. Duk wanda ya san damunar Arewa ya san darajar wannan. Ruwa yakan zo a makare ya tafi da wuri, tsohon irinmu kuwa ba ya gaggawa, sai ya cika kwanakinsa. Sharaɗinsu ɗaya ne: sakataren kowace ƙungiyar ƙauye shi zai shigar da sunayen masu gidaje da hannunsa, da lambar takardar kowa da girman gonarsa. Wanda sunansa bai shiga ba kafin ranar rufewa, babu buhunsa a mota.

Tsarin da ake shigar da sunayen yana cikin kwamfutar nan ta bironmu kaɗai. Aka raba wa sakatarori ƙananan kwamfutoci na hannu. Mutum yana zaune a Tibiri ko Gecheme, sai ya haɗa da wayarsa, ya buga kalmar sirrinsa, fuskar kwamfutarmu ta bayyana a gabansa kamar yana zaune a kujerata. Da farko abin ya burge kowa. Kwana biyu muka gane halinta: baƙo ɗaya take karɓa. Na biyu yana shiga sai ta kori na farko waje, duk abin da bai adana ba ya bi ruwa. Wata rana sakatariyar Gecheme, mace mai saurin hannu da saurin baki, ta buga sunaye shafi biyu, sakataren Tibiri ya faɗo mata ba sallama. Abin da ta faɗa masa a waya har masu shayi a bakin titi sun ji, domin ni ta fara kira ta ce in haɗa su.

Sai shugabanmu ya kafa doka. Ba mai shiga sai ya kira ni tukuna, in duba ko akwai wani a ciki. Na sami takarda na ja layi, ina rubuta wanda ya kira da wanda ke biye. Ni da aka ɗauka don in riƙa buga wasiƙu da share ƙurar na'ura, na wayi gari ni ne mai ƙofa. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi.

A cikin masu kiran akwai Mushe. Haka muke ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane malamin lakwal, wato makarantar boko, a wajenmu, amma shi ko ba a faɗi suna ba an san wanda ake nufi. Shi ya koya mini karatu a wani ƙauye da ke bayan Dogon Kiriya, garin su innata, inda na yi ƙuruciya. Da ya bar aiki ya koma gona, mutanen garin suka ɗora masa sakatarancin ƙungiya, tunda shi ne mai rubutu mai kyau kuma ba a taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba. A garin babu rezo, waya ba ta kamawa sai an hau wani tudu da ke yamma, inda wani gawo yake tsaye shi kaɗai. Kwamfutar kuma a likita, ɗan asibitin garin, yake cajinta da hasken rana, batirinta ba ya kai awa ɗaya da rabi. Duk wannan na sani, domin ni kaina na sha hawa tudun in kira Dutsi.

Ina da abu a raina game da shi. Shekara biyu kafin nan na shiga cikin matasan da ke bin karatun sunna a unguwarmu. Na tsayar da gemu, na ɗage wando, na daina durƙusa wa kowa. Har yau ban bar aƙidata ba, kuma ba ita nake zargi ba. Amma a lokacin ina ɗauke da ita ne kamar sabuwar riga, ina son a gani. Aka yi suna a gidan kawuna a ƙauyen, na iso, dattawa suna zaune a tabarma. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina miƙa hannu a tsaye. Da na zo kan Mushe, ya riƙe hannun bai saki ba, ya dubi gwiwoyina, ya juya wajen mata ya ɗaga murya.

"Ku kawo man gyaɗa a zuba ma gwiwun yaron ga. Sun yi tsatsa a birni."

Wurin ya ɗauki dariya, har da kawuna. Na yi murmushin dole na wuce. Wasa ne irin na malami da ɗalibinsa, na tabbata kafin a raba goro ya manta. Ni kuwa na tafi da shi Dutsi na ajiye.

Don haka ranar da ya fara kirana yana neman shiga, dariyar nan na fara tunawa. Ba ya kira haka kawai. Sai ya yi sallama cikakkiya, ya tambayi innata, ya tambayi aiki da zafi, sannan ya ce, "To ɗana, akwai hanya?" Idan na ce akwai wani a ciki, sai ya ce, "Babu komi, ina nan bisa tudu. In ya hita ka kira ni." A makonnin farko gaskiya nake faɗa masa. Layin gaske ne, kowa yana jira, har ita ta Gechemen.

Ana saura mako uku a rufe, aka turo wani masani daga Yamai. Ya yini a gaban kwamfutar, ya buɗe cikinta ya ƙara wani abu, ya yi ta kashewa yana kunnawa. Da la'asar ya kira ni ya nuna mini wani ɗan allo mai layi biyar.

"Yanzu mutum biyar na iya shiga lokaci guda," ya ce. "Kowa da ɗakinshi, ba mai ganin wani, ba mai korar wani. Wanda ya shiga za ka ga sunanshi nan. Ka yaga takardar layinka, ka huta."

Muka gwada. Na kira Tibiri, na kira Gecheme, na kira wasu biyu, suka shiga tare. Sunaye huɗu suka haska, kwamfutar ko gezau. Ta Gecheme ta yi guɗa a waya. Na kira Mushe shi ma, wayarsa ba ta shiga ba, yana ƙasan tudu. Na ce gobe na gaya masa.

Washegari da hantsi shi ya kira. Ya yi sallamarsa, ya tambayi innata, ya ce, "To ɗana, akwai hanya?" Idona yana kan allon. Suna ɗaya ne a kai, wurare huɗu babu kowa. Na buɗe baki zan ba shi albishir, sai na ji kaina ina cewa:

"Da mutum ciki, Baba. Ku ɗan dakata."

"To, to. Ina nan."

Na ajiye wayar. Ban shirya ba, wallahi ban kwana da niyyar ba. Amma da na faɗa, ban ji nadama ba, daɗi na ji. Na zauna ina kallon agogon bango, ina tunanin tsohon nan a ƙarƙashin gawo yana jiran yaron da gwiwoyinsa suka yi tsatsa. Minti goma na ba shi, sannan na kira na ce hanya ta buɗe. Ya yi mini godiya, ya sa mini albarka.

Da sau ɗaya ne, da na ce sharrin zuciya ne na rana guda. Mako uku na yi ina yi. Sauran sakatarori sun daina kirana, kowa yana shiga lokacin da ya ga dama, wayata ta yi shiru. Mushe kaɗai ya rage, kuma ina ganin har da wannan: shi ne na ƙarshe da yake neman izinina. Wata rana minti biyar, wata rana rubu'in awa, gwargwadon yadda na tashi. Na tara wa kaina hujjoji. Na ce ai ban yi ƙarya ba, kusan kullum akwai mutum a ciki. Na ce da yatsa ɗaya yake bugawa, zai iya nauyaya wa na'urar. Na ce jira kaɗan bai taɓa kashe kowa ba. A cikin makonnin nan har tunatarwa na yi a masallacinmu bayan la'asar a kan amana, mutane suna gyaɗa kai, wani ɗan kasuwa ya riƙe hannuna ya ce Allah ya ƙara ilimi.

Akwai abin da na sani na ƙi tunawa. Mushe ba ya kashe kwamfutar idan yana jira. Tana daɗewa kafin ta tashi ta kama rezo, shi kuma yana tsoron kada in kira shi ya ɓata lokaci wani ya shige masa gaba. Ya taɓa faɗa mini da bakinsa, yana dariya, cewa yakan rufe ta da rawaninsa don kada rana ta dafa ta. Ke nan duk mintin da na sa shi jira, daga batirinsa nake cira. Bazara ce, irin wadda kafin azahar ƙarfen amalanke ba ya taɓuwa.

Ranar rufewa Alhamis ce, ƙarfe biyu na rana. Daga nan masu irin za su kulle tsarin daga can, su loda mota bisa sunayen da suka gani. Tibiri sun gama tun Litinin. Ta Gecheme ta gama nata har ta shiga taya wata ƙungiya da shawara ta waya. Mushe ya kira wajen ƙarfe goma, muryarsa da ɗan gaggawa, ko tambayar innata bai yi ba.

"Ɗana, yau ka taimake ni. Sauran shafi ukku, in Allah ya so ni gamawa."

Mutum biyu ne a ciki. Na ce, "Ku ba ni minti biyar, Baba." A raina na ce wannan ne na ƙarshe, bashin dariya ya ƙare daga yau. Na bar wayar a caji na fita bakin ƙofa in sha iska. Maƙwabcinmu mai shagon takin zamani yana zaune da baƙi, suna musu a kan wata mas'ala ta sallar matafiyi. Suka ce ga malam ya zo, ya raba gardama. Na zauna. Aka miƙo mini shayi na fari, na jawo hujja, wani ya ja, na ƙara jawo wata. Ni idan ana musu kuma ina ganin ni ke da gaskiya, ba na jin tafiyar lokaci. Sai da aka zubo shayi na uku na tuna. Na shiga da gudu, kira uku ne a wayar, agogo ya kusa sha ɗaya.

"Hanya ta buɗe, Baba. Ku shiga maza."

"Madalla. Allah shi yi ma albarka."

Sunansa ya haska a allon. A karon farko na zauna ina kallonsa da addu'a a bakina. Ina ganin adadin sunayen garinsu yana ƙaruwa ɗaya, a daɗe, ya ƙara ɗaya. Sha ɗaya da rabi ta wuce kaɗan, sai sunan ya ɓace. Na kira, ya ɗauka, ina jin hucinsa yana gangarowa daga tudu. Ya ce batir ya mutu, saura shafi guda, zai kai ta likita ta ɗan sha wuta ya dawo. Ban ce masa ya karanto mini sunayen da kalmar sirrinsa in buga masa ba. Doka ta hana, amma ba dokar ce ta riƙe bakina ba, tsoro ne kada a tambayi dalilin da ya sa ya makara. Ya sake hawa tudun biyu saura kaɗan. Kafin kwamfutar ta tashi ta kama rezo, an kulle.

Bayan mako biyu, an raba iri, shugaba ya kira taron sakatarori a farfajiyar biro. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar dogon yaro, ni ina gefe da littafin rubuta bayanin taro. Aka bi gari-gari. Da aka zo kan garin su Mushe, shugaba ya ce nan kaɗai aka sami gidajen da ba su shiga ba, yana son ya ji dalili, ba don zargi ba. Mushe ya miƙe a hankali, ya gyara hularsa.

"Laihina na," ya ce. "Layi ya yi yawa, ni kau hannuna ba shi da sauri. Wani lokaci kahin layi shi zo gare ni, batir ya raba. Yaron ga ya yi haƙuri da ni ƙwarai. Ina ga baɗi garinmu su nemi mai jini a jika."

Sakatariyar Gecheme ta ɗago kai daga wayarta. "Wane layi, Baba? Ai layi ya ƙare tun zuwan mutumin Yamai. Mu biyar muke shiga tare, ko kira ba mu yi."

Wani ya yi tari. Mushe ya juyo ya dube ni. Ba harara ba ce. Irin duban nan ne da yake yi mana a aji idan ya ba da lissafi yana jiran ya ga wanda zai ɗaga hannu. Ban ɗaga ba. Na sunkuyar da kai ina rubuta abin da ban san ko mene ne ba.

"Af," ya ce, ya juya wajen shugaba. "To ni na ban gane ba. Ya hwaɗa mini, tsuhwa ta sa na mance."

Ya zauna. Mutumin da bai taɓa yarda ɗalibi ya yi masa ƙarya a kan tawadar da ta zube ba, ya yi ƙarya a gaban mutane don ya rufa mini asiri. Ta Gecheme ta daɗe tana kallona, ta taɓe baki. Na fi son da ta zage ni.

Da taro ya watse ya biyo ni ɗaki. Ya tsaya a bayan kujerata ya ce in nuna masa. Na buɗe allon mai layi biyar, na yi masa bayani da muryar da ni kaina ban gane ta ba. Ya sa tabarau ya duƙa yana dubawa, ya taɓa gilashin da yatsa yana ƙirga layukan.

"Ran Alhamis, da nik kira ka, mutum nawa ag ciki?"

"Biyu, Baba."

"Wuri ukku ba kowa kenan."

"E, Baba."

Ya cire tabarau ya naɗe. Na jira faɗa, na jira tambayar dalili, har na fara haɗa kalmomin neman gafara. Bai ba ni wannan sauƙin ba. Ya zaro littafi mai bangon shuɗi daga aljihun rigarsa ya ajiye a kan tebur. Ya ce shugaba yana son sunayen waɗanda ba su samu ba a buga a takarda, ko da wani buhu zai yi rara. Shi zai je ya yi salla.

Na buɗe littafin. Rubutunsa ne na da, mai tsayi a karkace. Duk sunan da ya shigar ya yi masa alama da jan biro. Ya fara da gidan mai gari, ya bi da liman, ya bi unguwa-unguwa, har rugar da ke bayan gari da matan da mazansu suka tafi cin rani bai bar kowa ba. Gidan kawuna yana shafi na biyu, da jar alamarsa. Na yi ta juyawa har na kai shafin ƙarshe, inda ja ya ƙare. Sunaye goma sha ɗaya ne, kuma na san su duka, domin a tsakar gidansu na sha cin tuwo ina yaro. Ƙannensa biyu, 'ya'yan yayansa, matar ɗan'uwansa da ya rasu, 'ya'yansa maza uku. Mai rabo a wajenmu ba ya fara ɗibar wa gidansa, shi ya sa ya bar danginsa a baya. A layin ƙarshe, can ƙasan shafi, nasa sunan ne.

Na buga su. Minti shida suka ɗauke ni. Shi da yatsansa ɗaya rabin awa zai ishe shi, kuma ranar Alhamis na ci masa fiye da haka a kan shayi.

Ya dawo da ɗanyen ruwan alwala a gemunsa, ya tambaya ko na gama. Na miƙa masa littafin da hannu biyu, na kasa ɗaga ido. Na ce, "Baba, ku yahe mini." Ya sa littafin a aljihu, ya ce in gaida innata, ya fita neman motar Dogon Kiriya kafin ta cika.

Babu buhun da ya yi rara. Gidaje goma sha ɗayan nan tsohon iri suka shuka, kuma a shekarar ruwa ya ɗauke tun geronsu bai yi ido ba.